Ƙibar matasa a Dubai: Shin akwai abincin da ke rage nauyi?

A watan Yulin 2013 hukumar kula da birnin Dubai ta sanar da wata gasa da ta ja hankalin duniya. Duk wanda ya rage nauyin jikinsa cikin wata guda za a ba shi giram ɗaya na zinare a kan kowane kilo da ya zubar, muddin abin da ya rage ya kai kilo biyu.

Da shekara ta zagayo aka faɗaɗa gasar ta haɗa da iyaye da 'ya'yansu. Wannan ya sa wasu masana abinci suka nuna damuwa cewa gaggawar rage nauyi saboda kwaɗayin kyauta na iya cutar da yaron da bai gama girma ba.

Fiye da shekara goma bayan nan, matsalar tana nan. Rahoton da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya fitar a watan Satumban 2025 ya ce kashi 21 cikin ɗari na yara da matasa 'yan shekara biyar zuwa 19 a Hadaddiyar Daular Larabawa na fama da ƙiba, daidai da adadin da aka samu a Amurka.

A daidai wannan lokaci kantunan Dubai sun cika da wani nau'in kaya da ake tallatawa a matsayin mafita: yogot mai ƙwayoyin halitta masu gyara ciki, da biskit mai ƙarin furotin, da koren shayi, da garin ganyayyaki iri-iri. Tambayar da iyaye da dama suke yi ita ce ko waɗannan kayayyaki na iya rage wa matashi nauyi.

Yadda rayuwa ta sauya cikin ƙarni guda

Kafin a gano man fetur a Dubai a 1966, mazauna gaɓar tekun suna rayuwa ne a kan kamun kifi da nutson neman lu'ulu'u da fatauci. Abincinsu bai wuce kifi da dabino da shinkafa da gurasa da nonon raƙumi ko na awaki ba, kuma da gumin jiki ake samunsa.

Daga 1971, lokacin da aka kafa tarayyar masarautun, al'amura suka sauya cikin sauri. A yau mafi yawan abincin da ake ci a ƙasar daga waje ake shigo da shi, kuma yaron da ke riƙe da waya zai iya sayen soyayyar kaza da lemo a kawo masa har ƙofar gida kafin rabin sa'a.

Yanayi ma ya taimaka wa matsalar. A watannin bazara zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin salshiyos, ga kuma gumi mai tsanani daga teku. Yaro kan fita daga gida mai na'urar sanyaya ɗaki ya shiga mota, daga mota ya shiga aji, daga aji ya koma gaban allon waya.

Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a 2017 zuwa 2018 ya gano cewa kusan kashi 28 cikin ɗari na manya a ƙasar suna da ƙiba. Ke nan matasa da yawa suna tashi ne a gidajen da iyayen ma ke fama da matsalar.

Lamarin bai tsaya ga ƙasashen Larabawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a 1990 kashi biyu cikin ɗari ne kacal na 'yan shekara biyar zuwa 19 ke da ƙiba a duniya. Zuwa 2022 adadin ya kai kashi takwas, wato yara da matasa miliyan 160.

Yaushe ake cewa matashi yana da ƙiba?

Likitoci na amfani da ma'aunin BMI, wanda ke kwatanta nauyin mutum da tsawonsa. Sai dai ga wanda bai kai shekara 19 ba, ba a yanke hukunci da lamba ɗaya tilo kamar yadda ake yi wa manya. Ana ɗora sakamakon ne a kan jadawalin girma da ya yi la'akari da shekarun yaron da kuma jinsinsa, domin jikin ɗan shekara 13 da na 'yar shekara 17 ba ɗaya ba ne.

Abin da ya sa likitoci ke damuwa shi ne mafi yawan matasan da ke da ƙiba suna shiga shekarun girma da ita. Cututtukan da a da ake gani a jikin dattawa, kamar ciwon suga nau'i na biyu da hawan jini da taruwar kitse a hanta, yanzu ana samunsu a jikin 'yan sakandare. Akwai kuma tsangwama da zolaya daga abokai, waɗanda kan jefa matashi cikin damuwa har ya riƙa ƙaurace wa wasanni.

Gado yana da tasiri sosai a kan yadda jiki ke tara kitse da yadda mutum ke jin yunwa. Shi ya sa yara biyu za su ci daga tukunya ɗaya, ɗaya ya yi ƙiba ɗayan bai yi ba.

Mene ne abinci mai ƙarin fa'ida?

Masana na amfani da wannan suna ga abincin da, ban da ƙosar da mutum, yake da wani tasiri na musamman a kan lafiya. Tunanin ya samo asali ne daga Japan a shekarun 1980, kuma a 1991 gwamnatin ƙasar ta kafa tsarin tantance irin waɗannan kayayyaki kafin a yarda a rubuta wani iƙirarin lafiya a jikinsu.

Sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda haka Allah Ya halicce su, kamar wake da hatsin da ba a surfe ba da kifi mai maiƙo da kindirmo. Akwai kuma waɗanda masana'anta ta ƙara wa wani sinadari, kamar madara mai ƙarin bitamin ko burodi mai ƙarin dusa.

Dubai babbar kasuwa ce ga rukuni na biyu. A nan ake gudanar da baje kolin abinci na Gulfood tun 1987, inda kamfanoni daga sassan duniya ke gabatar da sababbin kayansu a kowace shekara.

Abin da bincike ya tabbatar

Sinadarin da ya fi samun goyon bayan bincike shi ne faiba, wato harzar da ke cikin dusar hatsi da wake da ganyayyaki da 'ya'yan itatuwa, wadda jiki ba ya iya narkarwa. Wani nau'inta yakan sha ruwa ya yi kauri a ciki, sai abinci ya daɗe kafin ya bar tumbi, suga ya riƙa shiga jini sannu a hankali, mutum kuma ya jima bai ji yunwa ba.

WHO ta ba da shawarar cewa duk wanda ya kai shekara goma ya samu aƙalla giram 25 na faiba a rana, tare da giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa. Furotin da ke cikin ƙwai da kifi da wake da nono shi ma yana riƙe ciki fiye da abincin da aka yi da farar fulawa.

Amma idan aka zo kan kayan da ake tallatawa da sunan rage ƙiba, hujjojin sun yi ƙaranci.

Hatsin ot da sha'ir na ɗauke da wata faiba da hukumomin Amurka da Turai suka amince tana rage kitsen kwalastirol a jini idan ana cin giram uku a rana. Amincewar ta shafi lafiyar zuciya ce kawai.

Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai, EFSA, ta yarda cewa faibar da ake samu daga saiwar tsiron konjak na taimakawa wajen rage nauyi, amma da sharaɗin mutum ya riga ya rage yawan abin da yake ci, kuma hukuncin ya shafi manya ne. Hukumar ta yi watsi da ɗimbin iƙirarin da kamfanoni suka gabatar mata game da ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ake zubawa a yogot. Abin da ta amince da shi shi ne ƙwayoyin da ke cikin yogot na taimaka wa masu wahalar narkar da madara.

Game da koren shayi, wani nazari da cibiyar Cochrane ta wallafa a 2012, wanda ya tattara sakamakon gwaje-gwaje da dama, ya gano cewa nauyin da ake ragewa da shi kaɗan ne ƙwarai, bai kai a dogara da shi ba. A 2018 kuma EFSA ta yi gargaɗin cewa ƙwayoyin da ake haɗawa da sinadarin koren shayi mai yawa na iya taɓa hanta.

Dabino, wanda ba a raba gidan Balarabe da shi, yana da faiba da sinadarai masu amfani. Wani bincike da masana a Jami'ar Hadaddiyar Daular Larabawa da ke Al Ain suka wallafa a 2011 ya auna nau'o'in dabino biyar na ƙasar, ciki har da Khalas da Lulu, ya gano ba sa ɗaga sugan jini da sauri. Duk da haka kusan kashi biyu cikin uku na nauyin busasshen dabino suga ne, kuma giram ɗari na ɗauke da kalori kusan 280. Ƙwara uku a madadin cakulan riba ce. Faranti guda a kan abincin da aka saba ci kuwa ƙarin nauyi ne.

Wannan shi ne gaɓar da talla ba ta faɗa. Abinci mai ƙarin fa'ida yana aiki ne idan ya maye gurbin wani abu da ya fi shi illa. Idan ƙari aka yi a kan abin da ake ci, ƙarin kalori kawai aka samu. Sau da yawa ma yogot mai ɗanɗanon 'ya'yan itace ko biskit mai hoton hatsi a jikin kwali yana ɗauke da sugan da ya kusa na alewa.

Akwai kuma haɗari mafi girma. Hukumomin lafiya a Daular sun sha fitar da gargaɗi kan shayi da ƙwayoyin rage ƙiba da ake sayarwa ta intanet a matsayin haɗin ganye zalla, alhali an cusa musu maganin sibutramine, wanda Amurka da Turai suka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Suga a cikin kwalba

Gwangwani ɗaya na lemon kola mai mililita 330 na ɗauke da suga kusan giram 35, wato kimanin ƙaramin cokali tara. WHO ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi goma cikin ɗari na kalorin da mutum ke samu a rana, wanda ga mafi yawan mutane bai wuce giram 50 ba, kuma idan aka rage shi zuwa rabin haka ya fi. Zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse duk suna cikin wannan lissafi.

Matsalar sugan da aka sha ita ce ba ya ƙosarwa. Wanda ya sha lemo yakan ci abincinsa kamar bai sha komai ba. Haka abin yake ga shayin karak mai madarar gwangwani da suga, wanda ake sayarwa da araha a kusan kowane lungu na Dubai.

A nan ne gwamnati ta sa hannu. Daga watan Oktoban 2017 ta ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari a kan lemuka masu gas da kashi 100 a kan lemukan ƙara kuzari, sannan a Disamban 2019 ta faɗaɗa harajin zuwa sauran abubuwan sha da aka ƙara wa suga. A 2025 ta sanar da sabon tsari daga farkon 2026, inda yawan harajin zai dogara da yawan sugan da ke cikin kowane lemo, domin a matsa wa kamfanoni su rage. Hukumar birnin Dubai kuma ta hana sayar da irin waɗannan lemuka a kantunan makarantu.

Wani gwaji da aka yi a yankin Boston na Amurka, wanda aka wallafa a 2012, ya nuna ƙarfin wannan mataki da kuma iyakarsa. An ɗauki matasa 224 masu nauyi fiye da kima da suka saba shan lemo kullum, aka riƙa kai wa rabinsu ruwa da abin sha marar suga har gida tsawon shekara guda. A ƙarshen shekarar nauyinsu bai ƙaru kamar na sauran ba. Amma shekara ɗaya bayan an daina kai musu, bambancin ya ɓace.

Wani gwajin da Cibiyoyin Lafiya na Amurka suka wallafa a 2019 ya ajiye mutum 20 a asibiti, aka ba su abincin da masana'anta ta sarrafa fiye da kima na mako biyu, da abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya na wasu makonni biyu, kowa ya ci iya cinsa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana, nauyinsu kuma ya ƙaru da kusan kilo guda.

Wane irin ilimi ne ke aiki?

Lacca ɗaya a zauren makaranta ko takardar da aka liƙa a bango ba ta cika sauya nauyin kowa ba. Kwamitin ƙwararru da ke bai wa Amurka shawara kan rigakafin cututtuka ya duba gwaje-gwaje masu yawa, ya gano cewa shirye-shiryen da suka yi tasiri su ne waɗanda yaro da iyayensa suka shafe aƙalla sa'o'i 26 tare da ma'aikatan lafiya. Ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta ɗauki wannan adadi a ƙa'idojin da ta fitar a 2023, inda ta ce a rarraba sa'o'in cikin wata uku zuwa shekara guda.

Abin da ake koyarwa a irin wannan zama a aikace ake yinsa. Ana nuna wa matashi yadda zai karanta bayanin da ke jikin kwali, ya raba giram ɗin suga gida huɗu domin ya san yawan cokulan da ke ciki. Ana koya masa raba faranti: rabi kayan lambu, kwata nama ko kifi ko wake, kwata shinkafa ko wani hatsi. Ana shiga ɗakin girki tare da shi, ana kuma sa masa ƙaramin buri da zai iya cimmawa a mako guda.

Dole iyaye su kasance a ciki, domin ɗan shekara 14 ba shi ke cefane ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma yaron da aka ware wa dafaffen ganye alhali 'yan'uwansa na cin soyayyen dankali a gabansa ba zai jure ba. A gidaje da yawa a Dubai masu aikin gida ne ke girki, don haka su ma suna buƙatar ilimin.

Birnin yana da wani ƙalubale na daban. Mafi yawan mazaunansa baƙi ne daga ƙasashe kusan 200, kuma a aji ɗaya za a iya samun ɗan Indiya da ɗan Masar da ɗan Filifins da ɗan Najeriya. Shawarar da ba ta yi la'akari da abin da ake dafawa a gidan kowannensu ba, a takarda za ta tsaya.

Motsa jiki da barci na cikin darasin. WHO ta ce 'yan shekara biyar zuwa 17 na buƙatar motsa jiki na minti 60 a kullum, amma alƙalumanta sun nuna cewa huɗu cikin kowane matasa biyar a duniya ba sa kaiwa haka. A 2017 Yarima mai jiran gadon Dubai, Sheikh Hamdan bin Mohammed, ya ƙaddamar da gangamin shekara-shekara na motsa jiki minti 30 a rana har kwana 30, wanda makarantu ke shiga. Likitocin barci kuma na ba da shawarar sa'o'i takwas zuwa goma ga matashi, domin ƙarancin barci na ƙara kwaɗayin kayan zaƙi.

Likitocin yara na gargaɗi kan kunyata yaro ko hana shi abinci da ƙarfi. Gori yakan sa matashi ya koma ci a ɓoye, ko ya faɗa cikin larurar ƙin cin abinci, wadda ta fi addabar 'yan mata. Ga wanda bai gama tsawo ba, wani lokaci burin likita shi ne nauyin ya tsaya inda yake har tsawo ya cim masa.

Idan abinci da ilimi ba su wadatar ba

Akwai matasan da ƙibarsu ta yi tsanani har sauya abinci kaɗai ba zai isa ba. A Disamban 2022 Amurka ta amince a bai wa 'yan shekara 12 zuwa sama allurar semaglutide, bayan wani gwaji na mako 68 da ya nuna ma'aunin BMI na waɗanda aka yi wa ita ya ragu da kusan kashi 16 cikin ɗari. Ƙa'idojin 2023 sun kuma ba da damar a duba yiwuwar tiyata daga shekara 13 ga masu matsananciyar ƙiba.

Sai dai allurar tana da tsada, tana iya jawo tashin zuciya da amai, kuma nauyi yakan dawo idan aka daina. A gwajin ma, duk matasan sun samu horo kan abinci da motsa jiki tare da maganin. Likita ne kaɗai zai iya yanke hukuncin wanda ya dace da ita.

Me ya shafi ƙasar Hausa?

Rahoton UNICEF na 2025 ya ce a karon farko a tarihi yawan yara da matasa masu ƙiba a duniya ya zarce na masu rama. Afirka kudu da Sahara na cikin yankuna biyu da hakan bai faru ba tukuna, kuma a Katsina da Maradi tamowa ce ke cika asibitocin yara a kowace damina.

Amma a biranen Kano da Abuja da Yamai, abubuwan da suka sauya Dubai sun fara bayyana: lemon kwalba a kowane biki, taliyar leda da safe, yaro daga mota zuwa aji. Ga kuma tsohuwar fahimta da ke ɗaukar ƙiba a matsayin alamar hutu da wadata. Najeriya ta sa harajin naira goma a kan kowace lita ta lemo mai suga a dokar kuɗi ta 2021, adadin da ya yi ƙasa sosai da ƙarin kashi 20 cikin ɗari na farashi da WHO ta ce shi ke sa mutane su rage sha.

Abin lura shi ne yawancin abin da ake sayarwa da tsada a manyan kantunan Dubai da sunan abincin lafiya yana da takwaransa a kasuwar Dawanau. Gero da dawa da acha hatsi ne masu faiba, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 domin gero da danginsa, sai dai surfe mai yawa yana tafiya da dusar da ke ɗauke da amfanin. Yauƙin kuɓewa faiba ce mai shan ruwa. Wake yana da faiba da furotin a haɗe, kuma alale ya fi ƙosai ƙarancin mai. Kwaɗon zogale da miyar kuka na cika ciki da kalori kaɗan.

Ƙa'idar dai ɗaya ce a Dubai da Kano. Fura da kindirmo abinci ne mai riƙe ciki har yamma, amma idan aka zuba mata suga cokali biyar ta tashi daga wannan matsayi. Zoɓon da ake sayarwa a ƙofar makaranta, idan aka cika masa suga, bai bambanta da lemon kwalba ba a jikin yaron da ke shan sa kullum.